Tsatsa a jikin Challenger ta 2015: a saya ko a bari?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum. Akwai Dodge Challenger ta 2015, tokumbo, da muke ciniki. Injin lafiya lau, sai dai fentin ya yi ƙuraje a gefen ƙasa, dab da tayar baya. Dillali ya ce zafin rana ne, wai kuma mota ba ta tsatsa a Zariya. Masana, me za a duba kafin a biya?

Mai Walda Kwangila:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba rana ba ce. Wannan wurin sanannen ciwon Challenger ne. Kamfanin ya cusa soso cikin bodin, tsakanin ƙasan ƙofa da tayar baya, don rage ƙara. Soson kan sha ruwa ya riƙe, tsatsa ta riƙa cin ƙarfen daga ciki, shi ya sa ƙurjin ba ya fitowa sai ɓarna ta yi nisa. Danna wurin da babban yatsa, in ya lotsa to ya kusa hujewa. Ka duba ɗaya gefen ma.

Gyaran gaskiya shi ne a yanke wurin har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a kwashe soson, a yi waldar sabon falle, a shafa firamar epoxy, sannan a fesa kakin hana tsatsa ta ciki. Wanda ya toshe da fila (ƙullun da ake cike lotsawar bodi da shi) kawai ya cuce ka, damina za ta tona.

Alhaji na Tudun Wada:
Malam, fara da lambar VIN, wato lambar shaidar motar mai haruffa da lambobi 17, ka ciro rahoton Carfax na tarihin motar ka ga inda ta zauna. Michigan, Ohio, New York da Ontario ta Kanada duk ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuma yana jawo tsatsa. Ta Arizona ta fi tsabta nesa ba kusa ba. Ta Texas ko Florida kuwa ambaliya ce abin tsoro: ɗaga kafet, ka duba ƙusoshin kujeru da ƙasan but.

Sannan a hau da ita rami, da tocila. Motar ba ta da shasi daban, bodin ne ƙashinta. Duba firem ɗin da ke riƙe da ƙafafun baya, bututun birki, da wuraren kafa jak. Jan tsatsa na sama-sama a salansa ba komai ba ne. Wadda ke ɓarewa falle-falle in an ƙwanƙwasa da sukudireba, ita ce matsala. In ka ga sabon baƙin fenti a ƙasa, tambayi abin da aka rufe.

Injiniya Gyallesu:
Ƙari kaɗan. Maganaɗisu yana tona fila, amma kada a gwada shi a bonet, domin alminiyom ne, ba ya kamawa ko lafiyarsa ƙalau. Bonet ɗin in ya ciwu fari yake yi kamar gari a bakin gaba, abin da Ford Mustang ta 2005 zuwa 2014 ta yi suna a kai. Na'urar auna kaurin fenti ta fi: na kamfani yakan tsaya tsakanin maikiron 100 da 180 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), in ya haura 300 an sake fesawa, kusa da 1,000 kuwa fila ce.

Maganar dillali rabin gaskiya ce. Bushewar hunturu tana rage wa tsatsa gudu, amma gishirin da ya riga ya shiga soso yana nan, ruwan Agusta zai tashe shi. In ƙasan motar tsaf yake, a rage kuɗin gyaran gefen biyu daga farashi ka saya. In firem ko bututun birki ya ciwu, ka bar ta.