Wata 5 ina fama da borin jini, likita kuma ya rubuta min maganin damuwa

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a dan Allah a bani shawara. Wata 5 kenan borin jini ya sa ni gaba, kullum da daddare sai jikina yayi ruɗu-ruɗu ga ƙaiƙayi kamar in yage fatar, kafin azahar ya baje wani ya fito a wani wajen. Na bar ƙwai da kifi da gyaɗa duk a banza. Na dai lura ranar da gabana ke yawan faɗuwa ko na kasa bacci yafi tashi. Da na gaya wa likita sai ya ƙara min sertraline akan cetirizine ɗin da nake sha. Ni da fata ke damuna, ko taɓin hankali yake ganin ina da shi?

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam Hajiya, ki kwantar da hankalinki ba haka yake nufi ba. Ni a kemis ɗin asibiti nake aiki. In borin jini ya wuce sati 6 yawanci ba abinci bane, wasu ƙwayoyin halitta ne a fata suke ta sakin sinadarin histamin mai kawo ƙaiƙayi da kumburi, fargaba kuma tana ƙara zuga su, ƙaiƙayin ya hana ki bacci, rashin baccin ya ƙara fargabar, haka abin zai yi ta zagayawa. Sertraline fargabar yake kamawa ba borin ba shi yasa bai ce ki ajiye cetirizine ba. Yakan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin a ji aikinsa sosai, kuma kar ki yanke shi rana ɗaya. Ki guji ibuprofen da aspirin, suna tayar wa wasu da shi.

Anti Bilki:
Ƙanwata nima na sha wannan wahalar fiye da shekara wlh har kuka nake. Ni doxepin aka bani da daddare, shima maganin damuwa ne amma yana danne histamin ɗin, sai dai akwai sa bacci da bushewar baki. Kuskuren da nayi kafin nan dexa (dexamethasone, maganin kumburi) na dinga saya ina sha da kaina, ya kwanta kwana biyu ya dawo, fuskata duk ta kumbura. Kar ki biye wa masu cewa ki sha.

Maman Ilham:
Na gode Allah ya saka da alheri. Jiya leɓena ma ya ɗan kumbura, shima borin ne?

Abu Safwan:
Yakan zo tare da shi, amma tunda kin fara sabon magani ki koma ki sanar da likitan, shi kansa maganin yakan sa wa wasu ƙuraje. In kuma harshe ko maƙogwaro ne ya kumbura ko numfashi ya fara yi miki wuya, ki wuce asibiti ko da tsakar dare ne.