Yoyon Tsarin Tet-On a Ƙwayoyin Sel: Ta Ina Zan Fara Gyara?

Hafsatu ta rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa masu bincike. Wata uku ke nan ina fama da wata matsala a aikin digirina, kuma ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan fage. Ina so ƙwayoyin sel na HEK293, wato wani irin sel ɗin ɗan Adam da ake rainonsa a ɗakin gwaji, su riƙa samar da wani furotin da ke kashe sel idan ya yi yawa, saboda haka na ɗora ƙwayar gadonsa a kan tsarin Tet-On, wanda ke kunna ƙwayar gado da magani, ta hanyar lentibairos, bairos ɗin da ake shigar da ƙwayar gado cikin sel da shi, domin ta zauna a kulle har sai na zuba doksisaikilin, wani magani na dangin tetirasaikilin. Sai dai kullen bai kama ba. Tun ban zuba magani ba furotin ɗin yana yoyo kaɗan-kaɗan, sel suna mutuwa a hankali, waɗanda suka rage kuma bayan 'yan makonni sun daina amsa maganin. Shin laifin furomota ne, wato sashen DNA da ke kunna ƙwayar gado, ko na ruwan da nake rainonsu a ciki, ko kuwa yadda na shigar da ƙwayar gadon ne bai yi daidai ba? Ba na so in watsar da aikin nan, domin tambayar da nake bi ta dogara kacokan da iya kunna furotin ɗin a lokacin da na zaɓa.

Dakta Nura ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama Hafsatu. Abubuwa biyun da kika ambata, yoyon da kuma daina amsa magani, tushensu ɗaya ne. Tunda furotin ɗin guba ne, duk sel ɗin da ke yoyo zai mutu ko ya yi jinkirin rabuwa, wanda kuwa ya toshe furomotar gaba ɗaya shi zai yaɗu ya cika faranti. Ke nan ba da saninki ba kina tace sel marasa amsawa ne, kuma muddin ba a tsayar da yoyon ba haka za a ci gaba ko sau nawa kika sake farawa.

Ki fara da abin da ya fi sauƙi, wato siram, ruwan jinin da ake zubawa a ruwan rainon sel. Ana ba shanu magungunan dangin tetirasaikilin, kuma ragowarsu kan bayyana a siram ɗin ɗan tayin saniya, har ta isa ta buɗe tsarin kaɗan. Ki koma kan wanda aka tantance babu tetirasaikilin a cikinsa tun daga ranar shigar da bairos, ba bayan an gama zaɓen sel ɗin da suka karɓi ƙwayar gadon ba.

Bayan haka ki duba wane zubi na tsarin ke hannunki. Manfred Gossen da Hermann Bujard ne suka fitar da na farko a 1992, inda suka haɗa furotin TetR na bakteriya da sashen VP16 na bairos ɗin herpes, suka jera gurbin tetO, inda TetR ke mannewa a kan DNA, guda 7 a gaban guntuwar furomotar bairos ɗin CMV; a wannan zubi magani ne ke kashe tsarin. A 1995 aka juya shi ya zama magani ne ke kunnawa, aka kira sabon furotin mai kunnawar rtTA. Wannan rtTA na farko yana ɗan manne wa DNA ko da babu magani, ita ma guntuwar furomotar tana da ɗan motsi nata na kanta. Shi ya sa aka gyara su daga baya, aka sami rtTA2S-M2 a shekarar 2000, sannan Tet-On 3G tare da furomotar TRE3G, waɗanda yoyonsu ya yi ƙasa sosai. Idan tsohon filasmid, wato zoben DNA da ke ɗauke da tsarin, kika gada a ɗakin gwaji, ina ganin sauya shi ya fi komai muhimmanci. Kuma ki rage yawan bairos ta yadda yawancin sel za su karɓi kwafi ɗaya kacal, domin kowane kwafi da nasa yoyon, wani ma yakan faɗa kusa da sashen DNA mai ƙarfafa karatu ya buɗe shi ba tare da rtTA ba.

Malam Sadisu ya amsa:

Na yarda da Dakta, amma a ganina furotin mai guba ya fi ƙarfin makulli ɗaya. Babu furomotar da ke yin shiru ɗari bisa ɗari, don haka gara a ƙara kulle na biyu a kan furotin ɗin kansa. Ɗakin binciken Thomas Wandless a jami'ar Stanford ya fitar da wannan dabara a 2006: ana liƙa wa furotin wani gurɓataccen sashe na furotin FKBP12 wanda ba ya naɗewa daidai, sai sel ya riƙa tura shi ga furotiyasom, injin niƙe furotin na sel, ana niƙe shi, har sai an zuba maganin Shield-1 ya daidaita shi. A 2010 suka yi irinsa da furotin DHFR na bakteriyar E. coli, wanda maganin tirimetofirim ke daidaitawa, kuma wannan magani ya fi sauƙin samu. Idan kika haɗa shi da Tet-On, ɗan abin da ya tsere daga kullen farko na biyu zai cinye shi. Wata fa'idar ita ce furotin yana taruwa cikin sa'o'i kaɗan bayan zuba maganin, yana kuma raguwa da sauri idan an wanke.

Dakta Rabi ta amsa:

Shawarar Malam Sadisu tana da kyau, sai dai a yi hattara, domin sashen da aka liƙa yana iya hana furotin aikinsa ko ya canja inda yake zama a cikin sel, kuma ba ya tasiri sosai a kan furotin da ke shiga hanyar fitarwa waje daga sel. A gwada liƙa shi a kai da kuma a wutsiya kafin a dogara da shi. Akwai kuma tTS, wato TetR da aka haɗa da sashen KRAB mai hana karatun DNA; shi tTS yana danne furomotar idan babu magani, ya sake ta idan magani ya zo.

Abin da ya fi damuna a irin wannan aiki shi ne doksisaikilin ɗin kansa. Mutane da yawa suna zuba maikurogiram 1 a kowace mililita saboda haka suka tarar ana yi, alhali maganin yana hana mitokondiriya, sashen sel mai samar da kuzari, haɗa furotin ɗinta, kasancewar ribosom ɗinta, wato injin haɗa furotin, ya yi kama da na bakteriya, kuma hakan na rage saurin rabuwar sel. Ke da mutuwar sel kike aunawa, wannan zai iya gurɓata miki sakamako. Ki gwada matakai daga nanogiram 10 zuwa 1000 a kowace mililita, ki tsaya a mafi ƙanƙantar da ya ishe ki, ki sabunta shi duk bayan kwana biyu tunda yana lalacewa a ruwan raino, kuma kada ki taɓa yin gwaji ba tare da sel masu rtTA kaɗai da aka ba magani daidai wa daida ba.

Hafsatu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba taswirar filasmid ɗin, tsohuwar furomotar ce, siram ɗin ma ba tantacce ba ne. Zan sauya su duka biyu, in ware zuriya daga sel ɗaya-ɗaya. Dakta Rabi, shin ya dace in bar bairos in saka ƙwayar gadon kai tsaye a gurbin AAVS1, wurin da aka saba saka ƙwayar gado a DNA ɗin ɗan Adam, da CRISPR, dabarar yanka DNA a inda aka zaɓa?

Dakta Rabi ta amsa:

Ya dace, Malama, domin gurbin yana kan kuromosom na 19 a cikin ƙwayar gado ta PPP1R12C, kuma zai ba ki wurin zama ɗaya sananne a duk zuriyar. Amma HEK293 suna da kwafin kuromosom fiye da kima, don haka ki ƙirga kwafi nawa suka karɓa, ki kuma daskare zuriyar da ta yi kyau da wuri kafin ki fara dogon gwaji.