Ping na tafiya, amma rauta ta ƙi kama maƙwabciyarta a OSPF

Ɗan Hotoro: Assalamu alaikum injiniyoyi. Wani ɗan kasuwa nake yi wa aiki, shagonsa a Kantin Kwari, sitonsa a Sharaɗa, an haɗa wuraren biyu da rediyo. Ping na tafiya lafiya ƙalau tsakanin rautocin, amma OSPF, wato tsarin da rautoci ke sanar da juna hanyoyi da shi, ya ƙi ƙulla maƙwabtaka. Wa ya taɓa cin karo da haka?

Malam na Bompai: Wa alaikumus salam. Kafin ka taɓa saitin komai, buga show ip ospf neighbor a gefe biyun ka faɗa mana inda ta tsaya. Ping ba shaida ba ne a nan. Shi adireshi ɗaya yake nufa kai tsaye, OSPF kuwa yana aika hello, saƙon neman maƙwabci, zuwa adireshin maltikas 224.0.0.5 da rautoci da yawa ke saurara, kuma lambarsa 89 a IP, ba TCP ba ne, ba UDP ba ne. Na ga rediyon da ke wuce ping sumul amma yana haɗiye maltikas. A wurin sai da na mayar da layin NBMA, wato yanayin da ba ya dogara da maltikas, na rubuta adireshin maƙwabci da hannu. In za ka yi haka, yi a gefe biyu, don hello zai tashi daga daƙiƙa 10 zuwa 30, lokacin mutuwa, wato jiran da ake yi kafin a ɗauka maƙwabci ya ɓace, daga 40 zuwa 120, kuma in suka saɓa babu maƙwabtaka.

'Yar Gwammaja: Tawa a matakin EXSTART ta maƙale, a wata makaranta wajen Kabuga. Tana kaiwa nan sai ta faɗi ta sake daga farko. MTU ne, wato iyakar girman fakitin da layi ke ɗauka. Gefe ɗaya 1500, ɗayan wanda ya riƙe aikin kafin ni ya rage shi ya tafi abinsa, bai bar ko takarda ba. A wannan matakin ne rautoci ke fara musayar jerin abin da kowacce ta sani, kuma kowacce na rubuta MTU ɗinta a cikin fakitin. In ta ga na maƙwabciya ya fi nata girma, sai ta yi watsi da shi. Da yawa ip ospf mtu-ignore suke bugawa su kama gabansu. Ni ba na so, rufe tukunya ne da wuta a ƙasa: ranar da hanyoyi suka yi yawa fakiti ya girma, matsalar za ta dawo. 

Na Kurna: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni kuma router ID, lambar shaidar rauta, iri ɗaya na tarar. An sayo sabuwar rauta, aka kwafo saitin tsohuwar aka zuba mata gaba ɗaya har da lambar. Kuma ko ka canja, a Cisco sai ka yi clear ip ospf process take kamawa.

Autan Fagge: Oga, ni a wurin aikinmu ina ganin 2-WAY tsakanin wasu rautoci, ba sa zuwa FULL, matakin cikar maƙwabtaka. Matsala ce?

Malam na Bompai: A'a ƙanina, bar su. In rautoci da yawa suna kan suwic ɗaya, da DR da BDR kaɗai, wato rautar da aka zaɓa shugaba da mataimakiyarta, ake kaiwa FULL, sauran a 2-WAY suke zama da juna.

Na Kurna: Akwai kuma ta wuta. An ɗauke wuta da dare, batirin inbata ya ƙare, da safe maƙwabtaka ta ɓace. Ashe an sa kalmar sirri ta MD5 a gefe biyu, a ɗaya ba a yi write memory don adana saitin ba, ta tashi da tsohon saiti.

Ɗan Hotoro: Na duba, Malam. Ta Kwari tana nuna INIT, ta Sharaɗa babu kowa a jerinta.

Malam na Bompai: To ka huta da binciken area, da subnet mask, da lokutan hello, da kalmar sirri. Da ɗayansu ya saɓa, ta Kwari ma ba za ta karɓi hello ba, jerin biyu za ka gani fayau. INIT na nufin tana jin ta Sharaɗa, amma ba ta ga router ID ɗinta a cikin hello ɗin ba, wato ta Sharaɗa ce ba ta ji. Duba fayawol ɗin ta Sharaɗa, dokokin abin da ke shigowa, ko an bar lamba 89. In a buɗe take, kunna debug ip ospf hello a can. In shiru, koma kan rediyon.