Taƙaitawa: Rigakafin Kwiyakwiyi Kafin Shiga Gasar Karnuka

Ga abin da na tattaro daga wata muhawara da aka yi kan allurar rigakafin da ya kamata a yi wa kwiyakwiyi kafin a kai su gasar karnuka.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Allurar farko a mako 6 zuwa 8 da haihuwa, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har zuwa mako 16. Kariyar da kwikwiyo ya sha a nonon uwa tana iya hana allurar farko aiki, shi ya sa ta ƙarshen ba ta tsallakuwa.

2. Allurar ciwon haukan kare, daga mako 12.

3. Cutar fabo (parvovirus), mai kama hanjin karnuka, ita ce aka fi tsoro: amai, gudawa da jini, sai ruwan jiki ya ƙare cikin gaggawa. Ƙwayarta tana wata da watanni a ƙasa. A wanke ɗaki da kwanuka da bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 30. Kada a kai kwikwiyo filin gasa kafin allurarsa ta cika.

4. Ban da ba kwikwiyo farasitamol ko ibuprofen na mutane, sai da umarnin likitan dabbobi.

Inda aka rabu: sabunta allura. Wasu sun ce duk shekara, wasu duk shekara 3. Ni dai ina ganin a bar wa likita, a kuma duba sharaɗin gasar tun da wuri.