Wai in ka bar Chrome ka rabu da Google ke nan?

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'a. Ni dai na goge Chrome a salulata na sa Brave, wata manhajar buɗe shafukan intanet irinsa, yanzu Google ba ta da hanyar leƙen abin da nake yi, ku ma ku yi haka ku huta

Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Ƙanena ba goge shi ka yi ba, kashe shi dai ka yi, a su Tecno da Itel tare da Android yake zuwa. Kuma Brave ɗin ma da injin Google yake tafiya, Chromium, wato abin da ke buɗe shafin a cikinsa. Opera, Edge, Samsung Internet duk shi ne a cikinsu. Fenti ka sake wa babur, inji na nan

Ɗan Birni: Haba yaya, ai Chromium a buɗe yake kowa na iya ɗauka ya gyara, su Brave sun cire abubuwan bin sawu kuma talla ba ta fitowa, wallahi forfen sati yanzu yana kai ni sati

Mushe: Toshe tallar gaskiya ne, ban musa ba. Abin da ke damuna shi ne wa ke riƙe da linzami. Opera tana da injinta Presto ta yar a 2013, Microsoft guda da duk kuɗinta ta haƙura ta koma Chromium a 2020, yanzu manyan injuna uku suka rage, Blink na Google da ke cikin Chromium, WebKit na Apple, sai Gecko na Firefox. Da Google ta kawo tsarin Manifest V3, sababbin ƙa'idojin abubuwan da ake ƙara wa Chrome, ai uBlock Origin mai toshe talla daina aiki ya yi a Chrome, wato kamfanin da ke cin abinci da talla shi ke yanke hukunci kan abin toshe talla, wannan bai dame ku ba?

Hajiya Mai Turare: Ni fa ban gane injin nan ba, Incognito, shafin sirrin nan na Chrome, nake buɗewa in zan duba farashin kaya, bai isa ba Mushe?

Mushe: Hajiya wannan yara kawai yake ɓoye wa in sun ɗauki salular. Shafin da kika shiga da kamfanin rezo suna ganinki. Har ƙara aka kai Google a Amurka kan wannan, a 2024 ta yarda za ta goge biliyoyin bayanan da ta tara

Mai Gyara: Shi ya sa nake sa wa mutane Firefox a shago, yana karɓar uBlock Origin a Android

Ɗan Birni: To Firefox ɗin wa ke ciyar da shi? Mafi yawan kuɗin Mozilla, masu Firefox ɗin, daga Google suke fitowa don a bar ta a wurin bincike, Apple ma dala biliyan 20 ta karɓa daga Google a 2022. Ina ƴancin?

Mushe: Ka faɗi gaskiya kuma abin na ci mini rai, a kan irin kuɗin nan ne ma alƙali Amit Mehta ya ce a 2024 Google ta yi babakere a harkar bincike. Amma karɓar kuɗi daban, miƙa inji daban. Ranar da Gecko ya mutu masu gina shafuka Chrome kaɗai za su riƙa dubawa, kai da Brave ɗinka duk inda Google ta juya dole ku bi. Akwai Ladybird, wata sabuwar manhajar buɗe shafuka mai injinta, da Andreas Kling ke ginawa daga tushe amma bai nuna ba tukuna

Hajiya Mai Turare: In na je Mirya rezo ba ƙarfi Opera Mini kaɗai ke buɗe mini shafi, shi ma in bar shi?

Mai Gyara: Shi ta kwamfutocin Opera yake bi da shafin su matse shi kafin ya iso miki, shi ya sa yake sauri. Karanta labarai da shi, amma kar ki shiga asusun banki da shi Hajiya

Ɗan Birni: Ni dai Brave ina nan. Yaya gobe zan biyo ta kasuwar Dole ka sa mini Firefox ɗin a gefe, in ya fi cin forfe zan dawo nan in faɗa