Na kalli fim ɗin masu gidan waya na Ingila, yanzu yaron da na sallama ya hana ni barci

Mai POS na Tashar Dukku:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa, a yi haƙuri da tsawon.

Rumfunan POS uku nake da su a nan Gombe, ɗaya a Tashar Dukku inda nake zama da kaina, ɗaya a Pantami, ɗaya a bakin babbar kasuwa. Makon jiya ɗan yayata da ke karanta kwamfuta a jami'a ya zo hutu. Bayan Isha'i ya buɗe laftof ɗinsa ya ce, "Kawu, zo ka ga fim ɗinku na masu lissafin dare." Ni da fim ɗin Turawa sai dai daga nesa, Turancin ma rabi nake tsinta, shi yake warware mini. Na ce kashi ɗaya zan gani in tashi. Sai da muka cinye huɗun, shayina ya huce a kofi ban sani ba.

Sunansa Mr Bates vs The Post Office. Tashar ITV ce ta nuna shi a kwana huɗun farko na Janairun 2024, kuma abin ya faru da gaske. A can, ƙananan rassan gidan waya a hannun 'yan kasuwa suke. Mutum zai ware lungu a shagonsa yana biyan tsofaffi fansho, yana sayar da kan sarki, yana karɓar kuɗi a madadin hukumar. Wakilai dai, irinmu. A 1999 aka fara kawo musu wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu. Sai giɓi ya fara fitowa a allo, na kuɗin da ba wanda ya taɓa. Hukumar kuwa ta dage cewa bisa yarjejeniyar da suka sa wa hannu, duk abin da ya ɓata, mai reshe zai cike daga aljihunsa. Tsakanin 1999 da 2015 mutum sama da 900 aka yanke wa hukunci kan sata ko murɗe lissafi.

Inda jikina ya yi sanyi shi ne wurin wata mata, Jo Hamilton, mai shago a wani ƙauye. Dare ya yi, ta ƙirga kuɗinta, kwamfuta ta ce akwai giɓin kusan fam 2,000. Ta kira layin taimako, suka ce danna nan, danna can. Tana dannawa, a kan idonta giɓin ya ninka. Ta ci bashi a kan gidanta tana cikewa, abin bai tsaya ba sai da ya kai fam 36,000, aka maka ta a kotu. Kuma duk wanda ya kira layin nan amsa ɗaya ake ba shi: kai kaɗai ne ke samun wannan matsala.

To ga nawa. Azumin bara akwai yaron da ke riƙe mini rumfar Pantami, ɗan maƙwabcinmu ne, a gabana ya tashi. Cikin sati uku aka samu shot, wato giɓin kuɗi, sau huɗu, jimla naira dubu 118. Kullum da dare in na haɗa kuɗin jaka da abin da ke cikin asusu, ba ya kai abin da na ba shi da safe. Ya rantse, ya yi kuka, ya ce in kawo Alƙur'ani ya dafa. Abin da na ce masa, har yanzu ina jin muryata: "Na'ura ba ta ƙarya, mutum ke ƙarya." Na kira babansa. Dattijon bai yi musu ba, ya sayar da ragon da yake kiwo don layya, ya cika da bashi, ya kawo mini kuɗina cif a leda. Yaron yanzu yana tura baro a kasuwar hatsi. In mun haɗu yana gaishe ni, amma ba ya ɗaga kai.

Tambayata: bayan wannan watanni, akwai hanyar da zan bi in gane ko shi ya ci, ko na'ura ce ta ci? In kuma ba a iya ganewa, yaya zan yi?

Alhaji na Herwagana:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada hawayen fim su raba ka da dukiyarka. Ni ma yarana sun nuna mini shi, kuma na tausaya wa mutanen, amma mai shirya fim aikinsa ke nan, ya san inda zai sa kiɗan da zai karya zuciya. Shekara talatin ina sayar da siminti da kwano, yaran shago nawa suka ratsa ta hannuna? Ban taɓa kama wanda ya ce eh ni na ɗauka ba a karon farko. Kowa rantsuwa yake. Yanzu kuma ga cacar ƙwallo a waya, yaro zai ɗauki dubu ashirin ɗinka da niyyar ya ninka ya mayar kafin Magariba. Shot sau huɗu a sati uku, a rumfa ɗaya, sauran biyun lafiya lau? Ai ruwa ba ya tsami banza. Ka bar abin da ya wuce.

Adda Akanta, Tumfure:

Alhaji, ranka ya daɗe, wannan hujjar taka ita ce daidai wadda aka ɗaure mutanen nan da ita. Sauran rassa lafiya lau, don me sai naka? Kuma zancen ba na kiɗan fim ba ne. Mutum 555 ne suka haɗu suka kai hukumar gidan wayan babbar kotu a Landan, kuma a Disambar 2019 alƙali Fraser ya yanke cewa manhajar tana da kurakuran da ke iya haifar da giɓin ƙarya. An kuma tabbatar cewa ma'aikatan Fujitsu daga ofishinsu na Bracknell suna iya shiga lissafin reshe su canja adadi mai reshe bai sani ba, abin da hukumar ta yi shekaru tana musantawa. A Afrilun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39 a rana ɗaya, har da Jo Hamilton ɗin da Mai POS ya ambata.

Ni na yi shekara 28 ina aikin akanta kafin in yi ritaya, kuma ba kwamfutar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Hukumar ita ce mai cewa an sace mata, ita ce mai bincike, kuma a yawancin shari'o'in ita ce mai gabatar da ƙara da lauyoyinta, ba ta bi ta hannun 'yan sanda ba. Bayanan da mutum zai kare kansa da su ma suna hannunta. Wasu sai aka ce musu, ka amsa laifin murɗe lissafi mu janye na sata, amma kada ka ambaci kwamfuta. Ƙanena Mai POS, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: a daren nan kai ma kai ne mai ƙara, kai ne ɗan sanda, kai ne alƙali. Yaron ya ga sitatimen? Ko allon wayarka kawai ka nuna masa?

Abin yi bai da wuya. Ka nemi kamfanin da ya ba ka na'urar ya turo maka cikakken sitatimen na waɗannan sati uku, har da sati biyun da suka biyo baya. Wannan na biyun shi mutane ke mantawa. Ka ɗauko littafin da yaron ke rubutu, in kana da shi, da risit ɗin da suka rage. Ka bi layi-layi da biro, rana ɗaya-ɗaya. Ka duba cirar da risit ya nuna ta yi amma kuɗin ba su faɗo a ranar ba. Ka duba turawar da aka zare sau biyu. Ka duba wadda ta maƙale aka dawo da ita bayan kwanaki, domin in ta dawo ranar da wani yaron ke kan rumfa, kai sai ka ɗauka ciniki ne ya yi albarka. Sannan ƙananan caji, irin naira 50 ɗin nan da ake cira a kan dubu goma zuwa sama, ba sa kai dubu ɗari amma suna rikita lissafi. Akwai kuma alat na bogi. Wannan sakacin yaro ne, amma sakaci daban, sata daban.

Ɗan yayan Mai POS:

Kawu, ban san za ka kawo maganar nan ba, da na gaya maka wannan tun a gida. Ɗaya daga cikin kurakuran Horizon ana kiransa da sunan wani gari a Scotland, Dalmellington. Mai reshe za ta danna don tabbatar da ta karɓi kuɗi, sai allo ya daskare. Ta sake dannawa, ta sake, kamar yadda kowa ke yi. Ashe kowace dannawa ana rubuta ta a matsayin sabon kuɗin da ta karɓa. A haka giɓin fam 24,000 ya hau kanta. Ba wanda ya yi sata, ba kuma wanda ya shirya mugunta a lokacin, allo ne kawai bai ce komai ba. Ka tuna yadda sabis yake yi a Pantami da yamma gab da shan ruwa, layi ya yi tsawo, kowa na cewa a sake gwadawa. Ban ce abin da ya faru ke nan ba. Amma ka turo mini sitatimen ɗin in zuba shi a kwamfuta mu tace tare.

Tsohon ɗan gidan mai, Bolari:

Ni ta ɗaya ɓangaren zan yi magana, don na taɓa zama yaron.

Na yi shekara biyu ina ba da mai a wani gidan mai a hanyar Bauchi. Wata huɗu a jere ana zare mini shot daga albashi, wani watan abin da zan kai gida bai kai kuɗin buhun masara ba. Sai bayan na bar wurin aka kira mai gyara ya buɗe famfon, aka ga mitar ce ke gudu. Ba wanda ya neme ni. Kuɗin ban damu da su ba yanzu. Amma lokacin da na je neman aure, da aka zo bincike unguwa, sai da wani ya ce ai an taɓa korar sa a gidan mai kan kuɗi. Baffana ne ya sha wahalar wanke ni.

Shi ya sa wurin da ya sa ni hawaye a fim ɗin ba kotu ba ne. Wurin da Alan Bates ya kira taro a wani ɗan zauren ƙauye, Fenny Compton, a 2009, yana zaune bai san ko mutum biyar za su zo ba, sai ga motoci suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya shigo yana kallon ɗan'uwansa, ashe ba ni kaɗai ba ne. Shi Bates ɗin tun 2003 aka ƙwace masa reshe saboda ya ƙi sa hannu a lissafin da bai yarda da shi ba. Ga Lee Castleton da ya ce shi kotu za ta wanke shi a kan fam dubu 25, ya tsaya ba lauya, aka ɗora masa kuɗin shari'a fam dubu 321, ya tsiyace. Akwai Seema Misra da aka tura gidan yari a 2010 tana da juna biyu. Wasu sun kashe kansu kafin a wanke su.

Abin da ya ba ni haushi kuma, wata mujallar kwamfuta, Computer Weekly, ta buga labarin tun 2009. Kotu ta yi magana a 2019. Duk da haka manya ba su girgiza ba sai da aka yi fim. Cikin kwanaki mutum sama da miliyan suka sa hannu a ƙwace lambar girman da aka ba tsohuwar shugabar hukumar, Paula Vennells, wadda limamiyar coci ce ma, ta ce ta mayar. Ranar 10 ga Janairun 2024 Firaministan lokacin, Rishi Sunak, ya tashi a majalisa ya yi alƙawarin doka, zuwa watan Mayu aka soke hukunce-hukuncen a dunƙule. Diyyar da mutum 555 ɗin nan suka samu a 2019 kuwa, fam miliyan 58, mafi yawanta kuɗin shari'a ya cinye, abin da ya isa hannun kowane mutum a matsakaici wajen fam dubu 20 ne kawai. Wannan a ƙasar da ake cewa akwai doka ke nan. Yaron Pantami wa zai yi masa fim?

Yallaɓai, in ka gano ko naira dubu ce ba shi ya ci ba, kada ka kira shi gefe ka ba shi a ɓoye. A gaban waɗanda suka ji an kira shi ɓarawo za ka faɗa.

Alhaji na Herwagana:

Hajiya Akanta, na ji, kuma ban ƙi a duba ba. Amma in an duba aka ga shi ya ci, ina fata za a dawo nan a faɗa da irin wannan ƙarfin.

Mai POS na Tashar Dukku:

Na gode muku duka. Adda, ban nuna masa sitatimen ba. Ni kaina ban taɓa nema ba sai shekaranjiya.

Sun turo, shafi 61. Mun kwana biyu a kai ni da ɗan yayata, shi da kwamfuta, ni da biro da littafin rumfa, wanda Allah ya sa ban yar ba, yana cikin kwalin tsofaffin risit a ƙarƙashin gado. Mun samu biyu. Turawar dubu 25 an zare ta sau biyu ranar 14 ga azumi, aka dawo da ɗaya bayan kwana shida. Cirar dubu 18 kuma risit ya fita, yaron ya ba mutum kuɗi, ba su faɗo asusu ba sai bayan kwana tara, lokacin na riga na sallame shi. Na tuna ranar ma, har na ce wa sabon yaron hannunsa na da albarka.

Dubu 43 ke nan. Sauran dubu 75 mun juya mun juya ba mu ga inda suka shiga ba. Akwai kwana uku da bai rubuta komai a littafin ba, don haka Alhaji, ba zan ce maka ya fita tas ba, ba kuma zan ce ya ci ba.

Babansa yana zama a dakalin masallacinmu bayan Isha'i tare da dattawan layin, su ne waɗanda suka ji maganar tun farko. Na sa dubu 43 a ambulan, yau zan je. Dubu 75 ɗin ne har yanzu ban san abin da zan ce a kansu ba in ya tambaye ni.