Gishiri da Sukari a Kan Wuta

Ɗalibar Sakandare:
Assalamu alaikum malamai. A baiti na kawo tambayata, a baiti nake roƙon amsa.

Da sunan Allah zan fara tambaya,
Malamai ku dubi lamarin nan da wuri.
Na zuba sukari a busasshiyar tukunya,
Ya narke, ya yi ja, ya koma baƙi da sauri.
Na zuba gishiri a kan wutar nan dai,
Yana ƙara yana tsalle, yana nan fari.
Amma a kofin ruwa duka sun ɓace,
Me ya raba halin sukari da na gishiri?

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam, 'yata. Na ari amsa-amonki.

Tambayarki ta kai a zauna a kanta,
Sai mun leƙa ƙwayar zarra da nazari.
Sodiyam da kulorin su suka haɗu suka yi gishiri.
Sodiyam na da ilektaron 11,
2, sai 8, sai 1 a waje, haka tsari.
Kulorin kuwa nasa 17 ne cif,
7 a waje, 1 yake nema ya cike guri.
Sodiyam ya miƙa, kulorin ya karɓe,
Kowa ya ɗau caji, sun zama ayon a wuri.
Fositif da negatif suna jan juna,
Ayonik ake kiran irin wannan ɗauri.
Kowane sodiyam kulorin 6 ke kewaye shi,
Kowane kulorin sodiyam 6, sahu a jeri.
Kafin zafi ya rushe wannan gini,
Sai digiri 801, dubi irin tauri.
Tukunyar alminiyam a 660 take narkewa,
Ita za ta riga shi zubewa tun da wuri.

Ɗan Kwalejin Ilimi:
Allah ya ƙara sani, Malam. A bar min sukari, shi molekul ne, wato ƙullin zarra da ke ɗaure da juna.

Kabon 12 ne a molekul ɗinsa,
Haidurojin 22 na biye da shi a bayansa,
Oksijin 11 ya cika lissafinsa.
Babu mai bayarwa, babu mai karɓa a cikinsa,
Ilektaron bibbiyu suke tarayya, kobalen sunansa.
Ɗauri ne mai rauni, wannan ne dalilinsa,
Wajen digiri 186 wuta ta gama da batunsa.

Malamar Kimiyya:
Ƙanena, lissafinka daidai ne. Baiti biyun ƙarshe ne ba zan bari su wuce ba, don a nan ɗalibaina suke yawan faɗuwa a jarrabawa, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Ƙanena tsaya ka duba lu'ulu'u, wato daimon,
Kabon ne zalla, babu gauraye a ciki,
Kowace zarra tana riƙe da huɗu,
Duk da kobalen, babu wani ɗauri daban.

A ma'aunin Mohs lamba 10 ya samu,
Babu ma'adinin da ya kai shi tauri,
Yana yanka gilashi, yana huda dutse,
Ina raunin kobalen a wannan fagen?

Yashin bakin rafi shi ma ka duba,
Silikon da oksijin ne riƙe da juna,
Sai wajen digiri 1,700 yake narkewa,
Ga kobalen ya sake tsayawa ƙyam.

Raunin yana tsakanin molekul da molekul,
Shi ne zafi kaɗan yake kwancewa.
Ruwa in ya tafasa a digiri 100,
Tururinsa ruwa ne, bai rabu gida biyu ba.

Sukari in ya fara malala a tukunya,
Molekul ne suka saki hannun maƙwabta.
In ya yi ja har ya kai ga baƙi,
Sannan ne ɗaurin ciki ya fara tsinkewa,
Ruwa ya fice, kabon ya rage a gindi,
Shi ne baƙin da ƙanwata take kankarewa.

Ɗan Kwalejin Ilimi:
Yaya, to ga bakin fensir a hannuna,
Kabon ne shi ma, haka littafi ya nuna,
Yana goguwa a takarda da ɗan dannawa,
In kobalen ne, ina taurin ya kwana?

Malamar Kimiyya:
Girafat, bakin fensir, kowace zarra uku ta riƙe,
Zobba masu kusurwa 6 suka shimfiɗe,
Kamar tabarmi ne aka jibga a ɗaki,
Saƙar kowace da ƙarfi, tsakaninsu sake.
Kana rubutu shimfiɗa na zamewa,
Ita ce layin da ka gani a takarda kwance.
Ilektaron na huɗu ba a ɗaure shi ba,
Yana yawo, da shi wutar lantarki ke wuce.
Fasa tsohon batirin tocila ka duba,
Baƙin sandan kabon ne a tsakiya tsaye.

Ɗalibar Sakandare:
Na gode Malam, na gode Anti,
Rabin tambayata tana nan a wuri:
Wanda ya gagari wutar murhu,
Yaya ruwan randa ya narkar da shi da sauri?

Baba na Agadas:
Jikata, ni ba ɗan boko ba ne, jikana ke karanta min. Amma na yi fataucin gishiri, ga abin da idona ya gani.

A Bilma ruwa ne ke ɗauko shi a ƙasa,
A rami ake tara shi, rana ta yi aikinsa,
Ruwa ya ƙafe, gishiri ya fito a samansa,
A kwashe, a zuba a mazubi, kantu sunansa,
Raƙuma su ratsa Tenere da kayansa.
Malam, ruwan da ya ɗauke shi, me ya sa ya maido da shi?

Malam Mai Alli:
Ranka ya daɗe Baba, amsarku ɗaya ce da ta 'yata.

Molekul na ruwa a lanƙwashe yake,
Digiri 104.5 ne buɗin kusurwar ɗauri.
Oksijin ya fi jan ilektaron gefensa,
Nan negatif kaɗan, can fositif, haka tsari.
Gefen oksijin ya yanyame sodiyam,
Gefen haidurojin ya kama kulorin da sauri.
Su da yawa suke taruwa kan ayon guda,
Ɗaya bayan ɗaya su zare shi daga jeri.
Giram 100 na ruwa wajen 36 yake ɗauka,
In ya ƙoshi, saura ya kwanta a ƙasa fari.
Rana ta kwashe ruwan, ayon su koma sahu,
Abin da Baba ya gani ke nan a ramin gishiri.
Kananzir ba shi da gefe mai caji,
Zuba masa gishiri, zai zauna da tauri.
Sukari kuwa ruwa na raba molekul ɗinsa,
Ba ayon a ciki, ba caji ko ɗaya a wuri.

'Yata, ki gwada da hannunki. Ki samo batiran tocila biyu, ƙaramin ƙwai na LED da waya, ki bar giɓi a layin, ki tsoma bakin wayoyin biyu a kofi ba tare da sun taɓa juna ba. A ruwan gishiri ƙwan zai kama sosai, a ruwan sukari da ƙyar zai nuna alama, ko ya ƙi gaba ɗaya. In bai kama ba ko a gishirin, ki juya ƙafafun ƙwan. Da batiri kawai za ki yi, don Allah kada ki kusanci soket ɗin bango da wannan gwaji.